Rabin Inci a Gonar Kabewa

Willmar, Lahadi, 6 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Renee,

Ki yi haƙuri da na dame ki da doguwar takarda, na san lokacin da suke ba ku na karanta wasiƙa a sansanin nan kaɗan ne. Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, kuma ƙafar da takalmin soja ya ci miki ta warke. Mu nan lafiya, alhamdu lillahi. Idil ta yi mura kwana biyu, na ba ta zuma da citta, ta wuce, ba ta rasa makaranta ba. Liban lafiyarsa ƙalau. Ni gwiwa ce kawai, ita kuwa mun saba.

Jiya na cika alkawarin da na yi miki, na kai su gonar kabewar su Halvorson. Kin san ban taɓa zuwa ba. Wannan fitar taku ce, ke da mijinki Warsame da yaran, ni sai dai ku dawo ku ajiye mini kabewa a bakin ƙofa. Tun da Allah ya karɓe shi a watan Fabrairu ban je wani wuri da ya saba zuwa ba. Na ɗauka abin zai yi mini nauyi, tunda ni na raine shi bayan rasuwar mahaifinsa, yayana. Amma da muka isa ban ji komai ba. Na ga motoci, na ga mutane da jaket kala-kala, na biya kuɗin shiga. Shi ke nan.

Idil ce ta zama jagora. Mun hau amalanken da tarakta ke ja, muka zauna a kan damin ciyawa har cikin gona. Ta zaɓi wata kabewa mai karkataccen gefe, ta ce ita ba wanda zai ɗauka in ba ita ba. Liban ya rungumi wata wadda ta fi shi nauyi, ya ƙi saki.

"Kai gajere, wannan ai ita za ta ɗauke ka," in ji Idil.

"Tawa ce."

"To ɗaga mu gani."

Bai ɗaga ba, ni na ɗaga, gwiwa ta biya.

Daga nan muka je wurin allon awo, mutum-mutumin katakon nan mai inci-inci a ƙirjinsa da shekarar bana a hularsa, inda kika ce kuna ɗaukar su hoto kowace kaka. Akwai layi mai tsawo. Idil ta tsaya ba sai an gaya mata ba. Ta ce, "Kaka, ba haka ake riƙe waya ba, yatsanki ya rufe rabin duniya." Wata mata a bayana ta gyara mini hannu.

Liban ne ya ba ni aiki. Da ya jingina da allon sai ya riƙa ɗaga ƙafa ɗaya yana laluben baya, in na yi magana ya yi ɗage. Na dafa kafaɗarsa na ce ya tsaya sosai, ƙafa biyu a ƙasa, awo ba a yi masa wasa. Ya tsaya. Kansa bai kai jan layin nan na inci arba'in ba, saura kamar rabin inci. Kin san a nan yarinyar gonar take dubawa kafin ta buga wa yaro tambari a hannu ya hau babbar zamiya, abin sulun nan na yara. Ta duƙa ta ce masa, "Ayya abokina, saura ƙiris. Baɗi kai ne na farko." Idil ta kalli ƙasan allon. Ta hau sau ɗaya ita kaɗai, ta ce ta gaji. Liban bai yi kuka ba.

Na saya musu donat, irin fanken nan nasu, da ruwan tuffa mai zafi, muka dawo kafin la'asar.

Na ɗauki hoto talatin da ɗaya, na wanke huɗu, ga su nan ciki. Babu ko ɗaya da su biyun suka kalle ni tare. Ki gafarce ni, iyakar abin da na iya ke nan.

Gwaggonki,
Dahabo

*

Sansanin horo, Missouri, Lahadi, 13 ga Oktoba

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaida gwiwa. Ƙafata ta warke, ɗayar kuma ta karɓa. Takardarki ta zo ran Juma'a. Saja ta ɗaga ambulan a gaban kowa ta ce wa ya aiko mini da katifa. Na gode da kika kai su. Na san ba ki son hayaniya, ba ki son hoto.

Gwaggo, zan tambaye ki abu, don Allah kar ki zagaya.

Hoton bara yana liƙe a cikin ƙofar kabad ɗina. Na ɗora na bana a gefensa. Idil ta ƙaru da inci biyu da wani abu. Liban a na bara kansa yana kan jan layin daidai. Ni na ɗauki hoton nan da hannuna, ranar ana iska, Warsame yana bayan allon yana riƙe da shi don kar ya faɗo musu. An buga wa Liban tambari. Ya hau zamiyar nan sau shida har ya yi amai a mota. Bana shekararsa huɗu, kuma bai kai inda ya kai yana da uku ba.

Yaro ba ya komawa baya, Gwaggo.

Na karanta takardarki ya fi sau goma. Murar Idil kin ba ta layi biyu har da zuma da citta. Liban kalma biyu: lafiyarsa ƙalau. Sannan kin ce bai yi kuka ba. Yaron da ke birgima a ƙasa in an yanka masa burodi ba yadda yake so ba, an hana shi zamiya bai yi kuka ba? Tanisha, wadda gadonta ke saman nawa, ta yi aiki a asibiti kafin ta shigo. Ta kalli hotunan ta yi shiru, sannan ta ce in sa a kai shi a duba. Shirun nata ne ban so ba.

Yana cin abinci? Yana ramewa? Me likita ya ce? Na shigo aikin nan ne saboda su, su samu tsayayyen abu da inshorar asibiti a ƙarƙashinsu. Idan barinsa da na yi ne yake cinye shi, to ban ga amfanin sauran makonni biyar ɗin ba.

Ki gaya mini abin da ba ki rubuta ba.

Renee

*

Willmar, Juma'a, 18 ga Oktoba

'Yata Renee,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sanyi ya fara shigowa, an kunna mana ɗumin gida. Allah ya ba ɗayar ƙafar lafiya.

Takardarki ta zo jiya, na karanta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu. Ban san ya hau zamiyar bara ba. Da na sani da ban rubuta miki labarin haka kawai ba kamar labarin farashin albasa.

Ga abin da na yi. Na cire masa takalmi na jingina shi da ƙofar kicin, na ɗora littafi a kansa, na auna da tef ɗin ɗinkina. Da na ƙara tsayin takalmin, daidai yake da abin da allon ya nuna. Allon bai yi ƙarya ba. Na nemi wandunansa na bara in gwada masa, sai na tuna mun ba da su lokacin da kuka tashi daga tsohon gida. Na kira mai gidan ko zanen fensirin da Warsame yake yi a jikin ƙofar ɗakinsu yana nan, ya ce ya yi fenti tun watan Yuni. Na kira asibitin yara, ranar farko da suke da ita sha biyu ga Nuwamba. Na roƙi matar, ta ce in ba zazzaɓi ko amai sai dai a jira. Na karɓi ranar.

Kin ce in gaya miki abin da ban rubuta ba. Ban yi miki ƙarya ba, amma na zaɓi abin da zan faɗa, kuma ban tabbata akwai nisa sosai tsakanin biyun a wurin Allah ba. To ga shi. Yana ci, amma kaɗan. Da safe rabin anjero, wainar nan tamu, da shayi. Da rana yana tsince ayabar ya bar shinkafar. Ba ya zazzaɓi, ba ya tari, yana gudu da yaran maƙwabta. Amma ba ya rigima kamar da. Ba ya tambayar ki, ba ya tambayar babansa. Yana jera motocinsa a bakin taga, tirelar a gaba, in an taɓa ya mayar ba tare da ya ce komai ba. A idona bai rame ba, amma ni kullum ina ganinsa, idona ba shaida ba ne.

Dalilin da ya sa na bara ya fi na bana, wallahi ban sani ba. Ba zan ƙirƙiro miki dalili don hankalinki ya kwanta ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Kin yi makonni shida. Kin sha wuyar da ban san mace na iya sha ba. In kika fito yanzu ba za su mayar da ke ba, ke kika gaya mini da bakinki. Ki jira sha biyu ga wata. Ina nan, ba inda za ni.

Gwaggonki,
Dahabo

*

Alhamis, 24 ga Oktoba

Gwaggo,

Lafiya lau. Ina rubutu a ɗakin wanki, minti goma nake da shi.

Na gode da kika faɗi gaskiya. Na karanta. Ba ya rigima, ba ya ci, ba ya tambayata, ba ya tsawo. Ban san me kuma zan jira likita ya ƙara ba.

Na ba da sunana in ga kwamanda. An sa mini Litinin, huɗu ga Nuwamba, kafin mu fita daji atisayen ƙarshe. In muka fita, kwana huɗu ba wasiƙa ba komai. Zan ce a sallame ni saboda iyali.

Kar ki ɗauka fushi nake da ke. Ba na fushi, ba na kuka, ba na jin komai. Jiya na harbi abin da aka ce in harba, an ce na ci, na ce to. Ranar da Warsame ya fita da tirela, fitar da bai dawo ba, na ga ƙanƙara a kan titi da idona, na ce masa ya sayo madara in zai dawo. Ba zan sake ganin abu in yi shiru ba.

Kar ki gaya wa yaran tukuna.

Renee

*

Willmar, Laraba, 30 ga Oktoba

'Yata Renee,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Na aiko wannan ta hanyar gaggawa, mutumin gidan waya ya ce za ta iso Asabar in Allah ya yarda. Ki karanta har ƙarshe kafin Litinin.

Da farko ina neman gafara, kin ce kar in gaya wa yaran, na gaya wa Idil. Ga yadda aka yi.

Jiya bayan sun dawo daga makaranta na sake jingina Liban da ƙofar kicin. Karo na biyar ke nan, ban san me nake nema ba. Idil tana kan tebur tana aikin gida. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kaka, ki daina auna shi. Ba abin da ya same shi."

Na tura Liban falo. Na ce, "Ke ya aka yi kika sani?"

"Na dai sani."

"Idil, dube ni."

"Ba zan faɗa ba. Amana ce."

"Amanar wa?"

Ta ci gaba da goge wani lissafi da ta riga ta goge. A nan na gane amanar wa ce. Na zauna. Ni dai tun ina makarantar allo aka koya mini ba a matsa wa mutum ya ci amana, balle ta wanda ba ya nan ya yafe.  Sannan na gaya mata abin da ake ciki, cewa kin ga hoton kin tsorata, za ki bar aikin ki dawo.

Ta ce, "To ai ina so ta dawo."

Na ce ni ma. Na ce amma za ki dawo ne a kan abin da kike zato, kuma abin da kika je nema musu ya tafi ke nan. Na ce ba zan tilasta ta ba, ita aka ba, ita za ta duba ko wanda ya ba ta zai so a riƙe har yanzu. Na tashi na ɗora shayi.

Sai da ruwan ya tafasa ta yi magana, bayana na gare ta.

"Baba ya ce in na faɗa Mama za ta yanka shi." Sai ta ƙara da cewa, "Yanzu ai ba za ta iya ba."

Renee, bara Liban bai kai layin ba, ko kusa bai yi ba. Tun kuna cikin layi Warsame ya gani, ya ga yaron ya kafa wa zamiyar ido. Iska ta ba shi dalili. Da ya zagaya bayan allon, sai ya zuro ƙafarsa ta ƙarƙashi, cikin ciyawar da aka baza, da babban takalmin aikinsa mai ƙarfe a baki. Ya ce wa Liban a hankali, "Taka nan, jarumi." Yaron ya hau da ƙafa biyu. Yarinyar gonar kansa take kallo, ke kuma kina ta cewa su yi murmushi. Idil ce kaɗai ta kalli ƙasa. Warsame ya ɗora yatsa a baki, a mota kuma ya sayi bakinta da donat ɗinsa.

Ta riƙe wannan shekara guda. Ta riƙe ranar jana'iza. Da ta gama faɗa ta tambaye ni ko yanzu ba ta da sauran abin da yake nata da shi su biyu. Na ba ta shayi.

Ta ce ki duba ƙasan hoton bara, gefen hagu, kusa da ƙaramar kabewa.

In an cire tsayin takalmin nan, ɗanki ya ƙaru da abin da ya kai na yayarsa. Sauran abin da na gaya miki, na cin abinci da shirun, yana nan, ban janye ba, kuma zan kai shi asibiti ranar da aka sa. Amma ba ya komawa baya.

Akwai abin da ya tsaya mini. Ranar da na kai su, da yake ɗaga ƙafa yana laluben baya, takalmin yake nema. Ni kuma na dafa shi na sauke shi ƙasa na ce awo ba a yi masa wasa.

Gobe gonar za ta rufe sai baɗi. Idil ta ce mu koma in zura ƙafata. Na ce ban taɓa tauye awo ba, ban taɓa ƙara masa ba, malaminmu ya tsoratar da mu a kan wannan tun ban kai ita ba. Ta ce to. Ɗazu dai na saya wa Liban takalmin sanyi, dama lokacinsa ya yi. Akwai iri biyu a shagon, na ɗauki mai kaurin ƙasan. Tun da na dawo nake tambayar kaina da wace niyya na ɗauka.

Gwaggonki,
Dahabo

*

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina lafiya. Takardarki ta iso jiya da yamma.

Na cire hoton bara na kai bakin taga. Yana nan. Bakin takalmin ne kawai, kamar faɗin yatsa biyu, ruwan ƙasa, da ƙujewar nan da ya yi masa a matakalar tirela. Makonni takwas ina buɗe ƙofar kabad ɗin nan safe da yamma, ina cewa a raina ina ma ya leƙo ta gefen allon ko sau ɗaya. Ashe ɗana a kansa yake tsaye.

Na nuna wa Tanisha. Ta ce, "Mijin nan naki ɓarawo ne." Na ce babba ma. Na yi dariya, daga nan abin ya juye, sai da ta rufe mana ƙofa. Rabona da kuka tun Fabrairu.

Da safen nan na sami Saja na ce a cire sunana. Ta dube ni ta ce, "Kin tabbata? Ba na son ki dawo gobe da wani labarin." Na ce na tabbata. Za mu fita daji ran Talata. Saura kwana goma sha biyu a gama, ki fara nemo wanda zai tuƙo ku, gwiwarki ba za ta kai Missouri ba.

Ranar asibitin tana nan, kar a ɗaga. Ki gaya musu maganar abincin da shirun duka, kamar yadda kika gaya mini.

Ki ce wa Idil ba ta ci amana ba. Ki ce mata da yana nan da na yanka shi ɗin, kuma ita ce za ta riƙe mini shi. Sauran zan gaya mata da bakina.

Zancen niyyarki kuwa, Gwaggo, wannan tsakaninki da Allah ne, ni ban iya ba. Amma kin tsaya a jajibirin ranar ƙarshe ba ki gaya mini ba. Kun koma? An buga masa tambarin? In kin rubuta ranar da wannan ta iso, zan samu amsar kafin a gama horon. Don Allah ki amsa da wuri.

'Yarki,
Renee